Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Gwada Ma'aunin Zama Bayan An Fassara Shi?

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitan gashi ya nemi izinin sa shi a binciken wani ma'aunin zama da aka fassara, har za a auna shi sau biyu. Fassarar kaɗai ba ta isa ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan jinya.

'Yar'uwa, zama shi ne tushen farfaɗowa. Wanda bai iya riƙe gangar jikinsa a bakin gado ba, cin abinci da sa riga ma sai da mataimaki, balle miƙewa. Shi ya sa likitoci ba sa dogara da kallon ido kawai, sai su auna. Ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne FIST, wanda Sharon Gorman da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2010. Yana da gwaji 14, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 56. Za a ce majinyaci ya zauna ido a rufe, ya ɗaga ƙafa, ya miƙa hannu, ya ɗauko abu a ƙasa, ya muskuta. A kuma ɗan tura shi a ga ko zai dawo daidai.

Duk wannan da umarnin baki ake yi. In umarnin bai fito sarai ba, Baba zai samu maki kaɗan, ba don jikinsa ya gaza ba, sai don bai gane abin da ake nufi ba. Daga nan a yi masa tsarin gashin da bai dace da shi ba.

Saboda haka akwai ƙa'idar fassara irin wannan ma'auni, wadda Beaton da abokansa suka tsara a 2000. Mutum biyu su fassara, kowa daban, a daidaita aikinsu. Wasu da ba su ga asalin ba su mayar da shi harshen farko. Kwamitin masana ya tace, sannan a jarraba a kan mutum 30 zuwa 40.

Sai kuma a tabbatar da abu biyu. Na farko, tsayuwar sakamako: in likitoci biyu suka auna Baba, ko aka sake auna shi alhali bai canza ba, makin ya zo kusan ɗaya. Dalilin awo sau biyu ke nan. Na biyu, a kwatanta da ma'aunin da aka riga aka amince da shi, kamar na Berg, a ga ko sun tafi tare.

Shiga bincike ba dole ba ne, ƙin shiga kuma ba zai rage masa kulawa ba. A yi wa Baba bayani shi da kansa. In ya amince, ki tabbata wani na tsaye kusa da shi lokacin gwaji, ki kuma tambayi makinsa, don ku san abin da za ku fi ba wa ƙarfi a gida.