Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Zan Fara Neman Salsalar Gidanmu?

TAMBAYA: Ni haifaffen Nguru ne, a nan kuma aka haifi mahaifina. Kwanakin baya na kalli wani shiri inda wasu manoman karkara a ƙasar Sikotland suka jero kakanninsu har hawa takwas, kowa da shekarar haihuwarsa da gonar da ya noma. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ina wuce kakana sai in yi shiru. Wasu a gidanmu na cewa daga Haɗeja ya zo lokacin da jirgin ƙasa ya iso, wasu kuma sun ce Bamange ne daga wajen Gure. Shin mu ma za mu iya gano tsatsonmu? Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Nguru, jihar Yobe.

AMSA: Malam, Allah ya yi albarka da wannan tambaya. Za a iya, sai dai hanyarmu ta bambanta da tasu, kuma tamu ba ta son jinkiri.

Abin da ya sauƙaƙa wa mutanen Sikotland aikin shi ne takarda. Majami'unsu sun daɗe suna rubuta baftisma da aure, mafi tsufan littafin da ya saura na 1553 ne. Tun 1841 ake ƙidayar da ke kawo sunan kowa a gida, kusan duk bayan shekara goma. Daga 1 ga Janairun 1855 gwamnati ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Mu kuwa dokar da ta ɗora wannan aiki a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta 1992 ce, kuma har gobe akwai ƙauyukan da ake haihuwa ba a yi rajista ba. Ba wai rubuta nasaba baƙon abu ne a ƙasar Borno ba. Akwai Girgam, jerin sarakunan Saifawa, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a 1851. Akwai kuma mahram, takardun alfarma da sarakunan Borno suka riƙa ba gidajen malamai, zuri'a tana gadonsu. Amma waɗannan na masu sarauta ne da malamai. Tarihin manomi da masunci da ɗan koli yana bakin tsofaffi, kuma ranar da aka binne tsoho, da abin da ya sani aka binne shi. Saboda haka da masu rai za ka fara, takarda ta biyo baya.

Ka fara da wanda ya fi kowa shekaru a danginku, kuma kada ka tsaya a zaure. Maza sun fi riƙe jerin uba da kaka, amma gwaggo da inna da kaka mace su ne suka san wadda aka saki ta tafi da goyo, da yaron da ya rasu kafin yaye, da wadda ta shayar da ɗan wata. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, tunda shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa. Ka je wurin gwaggo bayan la'asar da ɗan goro ko turare, ka zauna a tabarma ƙasa da ita, ka nemi izini kafin ka kunna waya ta naɗi murya. Kada ka yi mata ruwan tambayoyi. Ka ce, "Gwaggo, wa ya raka ki ɗakin miji?" ko "A gidan wa kuke sauka idan kun je Haɗeja?" sannan ka yi shiru. Daga amsa ɗaya sunaye biyar za su fito. Ka sani kunya za ta hana ta faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta ko surukinta, sai dai ta ce "mai gidan nan" ko "wannan yaron". Kada ka matsa mata, ka nemi sunan a bakin wani. Kuma ka riƙa ganin tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, domin in suna tare, ƙane ba zai gyara wa yayansa zance a gaban yaro ba, ko da ya san ba haka abin yake ba.

Sunaye su ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, musamman a gari irin Nguru da Hausa da Barebari da Badawa da Fulani suka cuɗanya. Mutum ɗaya ne dangin uwarsa ke kira Modu, abokan kasuwa su ce Mamman, takardar haraji ta ce Muhammadu. Bukar da Garba da Habu duk Abubakar ne. Falmata da Binta duk Fatima ce. In ba ka lura ba, sai ka mai da mutum ɗaya mutum uku. Akwai kuma akasin haka. Da yake muna mayar wa jika sunan kakansa, ana kiransa Abba ko Baba, sai a samu Muhammadu ɗan Ali ɗan Muhammadu, masu ba da labari su haɗe na farko da na ƙarshe, hawa biyu su ɓace. Ka kula kuma da sunan makaranta. Yara da yawa an rubuta su da sunan garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari, wasu kuma da sunan baffa ko kawun da ya riƙe su. Don haka kowane mutum ka ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, sunan uba, sunan uwa, wanda ya riƙe shi, sana'a, inda ya zauna, inda aka binne shi. A ƙasan shafin ka rubuta wanda ya gaya maka da ranar da ya gaya maka.

Batun shekaru kuwa, kada ka tambayi tsohuwa shekarar da aka haife ta. Mutanenmu da abubuwan da suka faru suke lissafi, kai ne za ka mayar da su lamba. Rabe ya ci Kukawa a 1893, aka kashe shi a 1900. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba a wurare da dama. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930. An samu 'yancin kai a 1960, aka kashe Sardauna a Janairun 1966. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ana tsakiyar babban fari. An fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka kuma cire Yobe daga Borno a watan Agustan 1991. Ga yadda ake amfani da su. In gwaggo ta ce mahaifinta ya shigo Nguru yana saurayi bai yi aure ba, damina ɗaya bayan zuwan jirgi, to haihuwarsa ba za ta yi nisa da 1910 ba, kuma yana ƙaramin yaro aka yi Kakalaba. Sai ka tambaya ko ya taɓa ba da labarin wannan yunwa, da garin da ta same su. Wannan garin shi ne zangonka na gaba. Amma kada ka ɗauka tsakanin uba da ɗa kullum shekara talatin ce. A gidan mai mata huɗu, ɗan fari kan girmi auta da shekara arba'in.

Yanzu ga saɓanin da ke gidanku, Haɗeja ko Gure. Kada ka yi saurin ƙaryata ɓangare ɗaya, domin mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Nguru tsohon mazaunin Galadiman Borno ne tun ƙarni na 17, shi ne mai tsaron yammacin daular. Ƙasar Mangawa kuma ta ratsa ɓangarorin biyu na iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, daga nan har Gure da Maine Sorowa. A zamanin mulkin Faransa mutane da yawa sun tsallako kudu don gudun aikin tilas da ɗibar soja. Da jirgi ya iso, Nguru ta zama ƙarshen layi, wurin tara gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, sai ta jawo 'yan dako da mahauta da fatake daga ko'ina. Tashar da ke yi wa Haɗeja aiki a wannan layi ita ce Malam Madori. Ba abin mamaki ba ne yaro ya baro Gure, ya yi karatun allo ko cin rani a ƙasar Haɗeja, sannan ya biyo jirgi zuwa Nguru. Masu cewa Gure suna maganar inda aka haife shi, masu cewa Haɗeja suna maganar inda ya taso ya zo.

Akwai alamomin da za su taimake ka ka tantance. In akwai tsohon hoton kakanka, kai wa tsohon wanzami ya duba zanen fuskarsa, domin kowace ƙabila da irin askarta. Ka tambaya da wane harshe yake ƙirga kuɗi ko yake faɗa in ransa ya ɓaci. Ka tambayi sana'ar gidan, tunda an san Mangawa da harkar gishirin mangul da kanwa. Ka tambayi su wa yake wasa da su. In Fulani ne ke tsokanarsa yana ramawa, ka tuna Fulani da Barebari abokan wasa ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta isa hujja ita kaɗai, amma in uku suka nuna gari ɗaya, to ka shirya tafiya. Zumunci a ƙafa yake, neman asali ma haka. In ka isa, ka fara sauka wurin Bulama ko Lawani da limamin garin.

Sai takardu. Na gida za ka fara nema. Ka roƙi a buɗe maka tsohon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A irinsa ake samun rasidin haraji da na jangali a naɗe cikin tsumma, da takardar sayen gida, da fasfon aikin hajji, da takardar sallama ta soja ko ta aikin reluwe. In gidan malamai ne, ka duba cikin gafaka. Mahaddatan ƙasar Borno kan rubuta sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen Alƙur'anin da suka rubuta da hannu, wasu kuma kan rubuta haihuwar 'ya'yansu a gefen littafi da shekarar Hijira. In ka ga 1350, to kana wajen 1931 zuwa 1932. Takardar da ta fi kowace daraja ita ce ta rabon gado daga kotun alƙali, saboda tana jero mamaci da matansa da 'ya'yansa maza da mata. Duk abin da ka samu ka ɗauki hotonsa, ka mayar da shi inda ka ɗauko.

Bayan haka ne za ka nufi Kaduna, inda akwai Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da kuma Gidan Arewa. Ka nemi Nguru da Gashuwa a ƙarƙashin Lardin Borno, domin a wancan zamani babu Yobe. Wanda danginsa Badawa ne ya nemi Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar Bade kafin a komo Gashuwa. Rahotannin tsara haraji na Turawa ba kasafai suke ambaton talaka da sunansa ba, amma suna kawo hakimai da dagatai da ƙauyukansu. In tsofaffi sun ce kakanka ya zo a zamanin Lawani wane, can za ka iya samun shekarun zamanin nasa.

Ka shirya wa abubuwa biyu masu nauyi. Na farko, kusan kowace al'umma a wannan yanki tana da labarin fitowa daga gabas. Saifawa sun danganta kansu da Yaman, Hausawa na da Bayajida daga Bagadaza. In gidanku na da irin wannan labari, ka rubuta shi da girmamawa a shafinsa daban, kada ka ɗaura shi a kan jerin da ka tabbatar. Addini ya yi gargaɗi mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma jikokinka za su ɗauki abin da ka rubuta a matsayin gaskiya. Na biyu, kana iya tarar da bauta a cikin tsatson. An yi ta a ƙasar nan, dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901, ba a kuma soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wanda aka kama a yaƙi ko aka sace a hanya ba shi ne ya yi abin kunya ba. Duk da haka amana ce. Abin da tsohuwa ta gaya maka da murya ƙasa-ƙasa ba na watsawa a zauren WhatsApp na dangi ba ne, sai ka shawarci manya.

In aka ce maka wani kaka ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, kada ka rufe shafinsa. Mahajjata da yawa sun zauna a Cadi da Sudan, kuma zuri'arsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno. Gwajin ƙwayoyin halitta da ake tallatawa kuwa yana iya nuna yankin da jininka ya fi kama da na mutanensa, amma ba zai ba ka sunan kowa ba.

In ka yi haƙuri, hawa huɗu ko biyar abu ne mai yiwuwa ga gidan talaka, wato har zuwa zamanin Rabe ko gabaninsa kaɗan. Gidan sarauta ko na malanta kan wuce haka. Inda sani ya ƙare, ka rubuta cewa nan ya ƙare. Idan ka kammala, ka buga kwafi ka ba kowane reshe na dangi, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, ka roƙe su su gyara abin da suka ga ba daidai ba. Kaduna za ta jira ka ko zuwa baɗi ne, amma ziyarar gwaggo kada ta wuce wannan makon. Allah ya ba da sa'a, ya jiƙan magabatanmu.