Darasi na 9: Sake wa Tsohuwar Kujera Riga

Kusan kowane gida a Damba akwai kujerar kushin da ta gaji. Yadin ya yage, soso ya kwanta, an jefar da ita a zaure kaji na hawa. Sau da yawa katakonta na nan garau, riga kawai take nema. A darasin yau za mu koyi yadda ake ta da irin wannan kujera, da yadda mace za ta ci bashin akwati don wannan sana'a ba tare da ta shiga uku ba.

Za mu yi misali da kujera mai kunnuwa, wato mai zaman mutum ɗaya, mai dogon baya da fukafuki biyu a gefen kai. Asalinta daga Ingila ne, tun wajen ƙarshen shekarun 1600. An yi mata kunnuwan ne don su tare iskar sanyi, su riƙe ɗumin murhu. Ita ce mai wahalar cikin kujeru saboda lanƙwasarta. Wadda ta iya ta, sauran kushin ba za su gagare ta ba.

Kafin ki karɓi aiki

Kifa kujerar ki duba ƙasanta. Ki danna katakon da bakin sukundireba. In ya nutse ko gari ya zubo, gara ta cinye, kada ki karɓa sai kafinta ya sauya katakon. Ki girgiza hannuwa da kunnuwa. In suna rawa kaɗan, gam da ƙusa za su gyara. Sannan ki leƙa cikin ɗinki: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. Irin wannan a tsakar gida ake kwance ta, a ƙona tsohon soso nesa da yara, a zuba wa katakon tafasasshen ruwa a lungu-lungu, a shanya a rana. Kada ki shigar da ita ɗakin kwana.

Kayan aiki

Guduma, ƙananan ƙusoshi, filaya, sukundireba, almakashi mai kaifi, tef na awo, alli, gam, da keken ɗinki. Kayan saye kuwa su ne yadin kushin, soso, da robar da ake ɗaurawa ƙarƙashin mazauni. Duk ana samunsu a kasuwar Gusau. Kujera mai kunnuwa takan ci yadi biyar zuwa bakwai, gwargwadon girmanta da zanen yadin.

Matakan aiki

1. Kwancewa. Ki fara da ƙyallen ƙasa, sai bayan kujera na waje, sai gefunan waje, sai na ciki, mazauni ne ƙarshe. Cire ƙusa za ki yi, kada ki yaga.

2. Alama. Duk ƙyallen da kika cire, ki rubuta masa lamba da alli, ki nuna sama da ƙasa. In akwai waya, a ɗauki hoto.

3. Gyaran ciki. A ɗaure katako, a ja sabuwar roba ta yi tauri, a saƙa ta kamar tabarma. Soso mai ƙarfi a mazauni, mai laushi a baya da kunnuwa. Ki matse soso a hannu tun a kasuwa. In bai dawo da sauri ba, ba zai daɗe ba.

4. Yanka. Tsohon ƙyallen shi ne ma'auninki. Ki shimfiɗa su duka a kan sabon yadi kafin almakashi ya taɓa shi, ki bar rarar inci biyu kowane gefe. Zanen ya kalli wuri ɗaya.

5. Mayarwa. Wanda aka cire a ƙarshe shi ake fara sawa. Ki kafa ƙusa a tsakiya, ki ja yadin, ki bi zuwa gefe. A lanƙwasar kunne ki yi ƙananan tsaga a bakin yadin don ya kwanta ba tattara.

Na taɓa ganin wata 'yar ƙungiya da ta karɓi kujerun amarya, ta yanka yadi da ido don sauri. Kunne ɗaya ya gaza, ta koma kasuwa irin yadin ya ƙare. Dole ta sayi wani gaba ɗaya daga aljihunta, ribar ta tafi, bashin akwati na jiranta. Gaggawa ce ta ja mata.

Lissafi

Wannan misali ne kawai, farashi na sauyawa, ku tambayo na yau. A ce yadi ya ci N24,000, soso N12,000, roba da ƙusa da gam N4,000, kafinta N3,000, kuɗin mota zuwa Gusau da dawowa N2,000. Jimla N45,000. In kin yi ciniki a N57,000, ladan hannunki N12,000 ne. Wadda ta manta da kuɗin mota da na kafinta, ita ce ke yin aiki kyauta ba ta sani ba.

Dokoki uku kafin a ci bashi: mai kujera ya fara ba da kuɗin yadi da soso. Shi zai zaɓi yadin da idonsa. A yi ciniki gaban shaida, sakatariya ta rubuta. Bashin akwati na kayan aiki ne, waɗanda za su zauna hannunki. Mata biyu ko uku na iya haɗa hannu, mai keke ta yi ɗinki, sauran su yi kwancewa da bugu. Kasuwar takan buɗe ne bayan girbi, lokacin bukukuwa, da gab da Salla.

Tambayoyin tattaunawa

Mace nawa ke da keken ɗinki a ƙungiyarmu? Wane kafinta muka yarda da shi a kusa? In 'yar uwa ta kawo kujera ta ce sai ta sayar da wake za ta biya, me za mu ce mata?

Aikin mako

Kowace ta duba gidansu. A zama mai zuwa a kawo tsohuwar kujera ɗaya ta 'yar ƙungiya, mu kwance ta tare. A kanta za mu yi kuskurenmu, kafin mu taɓa ta mutane.