Yadda ake kula da allon wuyan jita a ƙasar Gumel: mai folish da marar folish

Jitar lantarkin da ta iso Gagarawa Tasha, ko daga Sabon Garin Kano aka sayo ta, ko ta Maigatari ta tsallako daga Nijar, ƙasar makaɗan jita irin su Bombino da Mdou Moctar, ba don iskarmu aka ƙera ta ba. Katakon jita ya fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, alhali da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Wanda ya fi jin jiki shi ne allon wuya, katakon nan da aka jera wa ƙarafuna, inda yatsu ke danne tsirkiya. Allon iri biyu ne, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗayan. Jitar bes ma haka take.

1. Fara gane irin naka

Kai jitar bakin ƙofa ka karkata ta ga haske. Idan allon fari ne ko ruwan zuma, yana sheƙi, santsi sumul har gindin ƙarafuna, to katakon maple ne da aka rufe da folish. Haka kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster a 1954. Idan kuwa ruwan ƙasa ne mai duhu ko baƙi, kana ganin ƙananan ramukan katako, farce na ɗan kama su, to tsurar katako ne. Galibi rosewood ne, wanda Fender ya koma wa a 1959, ko ebony, ɗan uwan itacen kanyarmu. Bayan takunkumin cinikin rosewood na 2017, wasu kamfanoni sun koma wa pau ferro, shi ma tsurarsa ake bari. Sai dai launi kaɗai ba hujja ba ne, don kamfanin Rickenbacker yakan rufe allonsa mai duhu da folish. Sheƙin za ka duba.

2. Tanadi kayan aiki

Tsumma biyu na auduga masu laushi, tsohon buroshin haƙori, salatif na takarda, da man farafin na ruwa da ake samu a kemis. Man gyaɗa, manja da man kaɗanya na girki da shafawa ne: a kan katako sukan yi ɗanko, su yi hamami, su tara ƙura.

3. Cire tsirkiya

Sassauta su a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kada ka yanke su suna ɗaure. Kwantar da jitar a kan bargo, ka tallafi wuyan da naɗaɗɗen zane. Lokacin canza tsirkiya ya fi dacewa da wannan aiki.

4. Idan mai folish ne

Aikinsa kaɗan ne. Jiƙa tsumma, ka matse shi har ya daina ɗiga, ka goge tsakanin ƙarafuna, ka bi da busasshe. Kada ka shafa mai, domin babu ta inda zai shiga. Zama zai yi a sama yana kama datti. Ka nisanta shi da samfefa da sosan ƙarfe. Turare da sifirit kuma suna iya narkar da folish irin na da, don haka wanke hannu kafin kiɗa idan ka shafa turare. Inda folish ya ɓare, gumi kan shiga ya bar tabo mai toka-toka. Nan aikin mai gyaran jita ne, ba na fentin kujera ba.

5. Idan tsurar katako ne

A nan aikin yake. Da buroshi ka kankare baƙin dattin da ya daskare a gindin kowane ƙarfe. Idan ya ƙi fita, sa sosan ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, kana bin tsawon katakon, ba kana gitta shi ba. Amma ka fara rufe maganaɗisun jitar da salatif, in ba haka ba garin ƙarfen zai manne musu.

Daga nan ɗiga mai ɗigo biyu ko uku a kan tsumma, ba a kan katakon ba. Shafa daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ka ga yadda farin bushewar ke komawa duhu. Jira kamar minti 5, sannan ka goge har yatsa ya daina ɗaukar maiƙo. Man da ya yi yawa kan shige ƙarƙashin ƙarafuna ya sassauta su. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa: farkon hunturu, sai kuma da bazara idan katakon ya yi fari.

6. Kare ta daga bushewa

Mai ba ya maye gurbin laima. Idan bakin ƙarafuna ya fara karce maka hannu a gefen wuya, katakon ne ya tsuke, kuma hakan na samun mai folish ma. Nemi robar sabulu, ka huda murfin, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse, ka ajiye cikin jakar jitar ba tare da ya taɓa katako ba. Duba shi bayan kwana biyu zuwa uku. Da damina ta sauka, cire shi don gudun tsatsa. Kada a jingina jita a rana, kusa da kaskon wuta, ko a bar ta cikin rufaffiyar mota.

Ga mai shirin saye, mai folish ya fi sauƙin riƙo a ƙurarmu, tsurar katako kuwa ba ya kama yatsa idan gumi ya zubo. Kowanne ka zaɓa, goge allon da busasshen tsumma duk lokacin da ka gama kiɗa, ka mayar da jitar jakarta.