Darasin Kimiyya: Tsaftace Akurki Na Hannu

Ɗalibai, ku buɗe littattafanku. Darasinmu na yau a kan akurki ne, irin wanda aka saya na hannu, ko wani ɗan'uwa ya bayar kyauta bayan ya daina kiwo. Kafin a taɓa tsintsiya akwai tambaya ɗaya: me ya raba mai akurkin da kajinsa? Da wuya mutum ya sayar da akurki kajinsa suna tsaka da saka ƙwai. Sau da yawa annoba ce ta share su. Ni ma na taɓa sayen wani na katako da waya, mai hawa biyu, na share shi, na yayyafa masa Izal sama-sama, na zuba 'yan tsaki a ranar. Ba su yi wata guda ba suka fara saukar da fukafukai suna zawo, kullum da safe sai na tsinci gawa. A ido akurkin nan tas yake.

Su wa ke zaune a akurkin da babu kaza?

Na farko su ne bairos, ƙwayoyin cutar da ko madubin ɗakin gwajinmu ba ya iya nuna su. Akwai mai kawo cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila. Ita ce ke yi wa kajin gida ɗauki ɗai-ɗai a lokacin hunturu. Akwai murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006. Sai Gumboro, mai sunan wani ƙaramin gari a jihar Dalawaya ta Amurka inda aka bayyana ta a 1962. Tana kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, ta lalata wata 'yar jaka kusa da duburarsu wadda ke gina garkuwar jiki.

Ku lura da wannan, domin zai fito a jarrabawa. Bairos ɗin Niyukasil da na murar tsuntsaye suna sanye da riga ta kitse. Sabulu yana narkar da kitse, don haka ruwan Omo kawai yana yi musu illa babba. Shi kuwa na Gumboro ba shi da wannan riga, ɓawonsa furotin ne mai tauri, yana iya yin wata huɗu a ɗakin da aka kwashe kaji yana jiran na gaba.

Na biyu bakteriya ne, irin su Salmonela, waɗanda ke jawo farin kashi ga kaji, wasu danginsu kuma su sa mutum amai da gudawa. Na uku ƙwayar kashin jini, wato koksidiya. Ƙwanta yana da ɓawo mai kauri wanda bilicin gida ba ya hudawa. Zafi da bushewa ne maganinsa.

Na huɗu ido yana ganinsu, in an san lokacin dubawa. Akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari, kusan milimita ɗaya, masu ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare. In sun ƙoshi sai su koma ja. Suna iya yin wata 9 ba su ci komai ba. Kaskar kaji ta fi su haƙuri, takan yi shekaru a ɓoye. Ku sami farin ƙyalle da tocila, ku je da dare ku goga ƙarƙashin sandar da kaji ke kwana. In kun ga jan layi-layi a ƙyallen, to akurkin da baƙi.

Gwaji

Ga kofi biyu a kan tebur, kowanne da ruwa rabi da ɗigo biyar na bilic. A na dama na zuba cokali biyu na madara, mu ba shi minti goma. Ku buɗe tagogi. Yanzu ga ɗigon shuɗiyar tawada a kowanne. Na hagu launin yana dusashewa har ya ɓace. Na dama shuɗin yana nan daram. Me ya faru? Sinadarin kulorin da ke cikin bilic ba ya zaɓe, duk abin da ya fara haɗuwa da shi yake afka wa. Ya ƙarar da ƙarfinsa a kan madara, bai bar komai wa tawada ba. A akurki, busasshen kashi da gashi da ragowar dusa su ne madarar. Wanda ya fesa magani a kan dauɗa, dauɗar ya yi wa magani, ƙwayar cutar tana ƙasa lafiya lau. Kuskuren da na yi ke nan.

Yadda ake aikin

A fitar da akurkin fili inda rana ke duka, nesa da sauran kaji da wurin girki. A sa takunkumi da safar hannu ta roba, domin ƙurar kashin tsuntsaye tana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhun mutum. A ɗan yayyafa ruwa don ƙurar ta kwanta. Duk abin da ke cirewa a cire shi: sandunan kwana, akwatin ƙwai, kwanon abinci da na ruwa. Sai a sa ƙarfe mai faɗi a kankare kashin da ya daskare, musamman a kusurwa da mahaɗar katako. Abin da aka kankaro a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. Na san taki ne mai kyau, amma takin kajin da ba ka san abin da ya kashe su ba, kada ka watsa shi inda kajinka ke tono.

Daga nan sai wanki, kuma nan ne mafi yawan aikin yake. Ruwa da Omo da buroshi mai tauri, a jiƙa, a bari ya tsumu, a dirje daga sama zuwa ƙasa. A ɗauraye har kumfa ta ƙare. A tafasa ruwa a kwarara a tsagogin katako da ƙasan akurkin saboda ƙwan koksidiya da na ƙwari. A bari ya bushe, don jiƙaƙƙen katako yana ƙara tsinka maganin da za a sa.

Yanzu ku ɗauki biro, mu yi lissafi. Ku karanta jikin robar bilic. Da yawa a kasuwanninmu an rubuta kashi 3.5 cikin 100. Muna son haɗi mai ƙarfin kashi 0.5. A raba 3.5 da 0.5, an sami 7, a cire 1, saura 6. Ke nan gwangwani ɗaya na bilic, gwangwani shida na ruwa. Ruwan ya zama mai sanyi, a kuma haɗa a ranar da za a yi aiki, don kulorin yana gudu in ya kwana. A jiƙe ko'ina sharaf, a bar shi aƙalla minti 10 bai bushe ba. Sannan a ɗauraye waya da kwanonin ƙarfe, saboda bilic yana sa tsatsa. Kada a kuskura a gauraya shi da wani maganin wanki, kada kuma a zuba shi a kan tulin kashin kaji. Kashin yana fitar da amoniya, in ta haɗu da kulorin sai a sami iska mai ƙona ido da maƙogwaro. Wanda ya sami Virkon S a shagon magungunan dabbobi, giram 10 ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa.

Duk waɗannan ba sa kashe kaska. Ita sai maganin ƙwari wanda likitan dabbobi ya yarda da shi, a kuma maimaita bayan kwana 7, lokacin da ƙwayayen da suka tsira suka ƙyanƙyashe. Ban yarda da piya-piya ba, ko kaɗan. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga shaguna a Holan da Beljiyam da Jamus saboda an yi amfani da guba mai suna fifronil wajen kashe jajayen ƙwarin nan masu shan jini a gonakin kaji. Abin da aka fesa wa akurki yana iya biyo ƙwai ya zo kwanon shayi.

Mataki na ƙarshe ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi ƙetarewa. A bar akurkin a buɗe cikin rana mako biyu ba kaza. Bayan nan a shimfiɗa sabuwar dusar katako ko buntun shinkafa. Kajin da za su shiga kuma a yi musu rigakafi, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin na Niyukasil da na Gumboro, a tambayi malamin dabbobi na kusa.

Wata a baya ta ɗaga hannu, na san tambayar: akurkin kara ko na kaba fa? Waya da ƙarfe da roba suna wankuwa, katako mai tauri yana wankuwa da wahala. Kara da kaba da ruɓaɓɓen katako kuwa duk rami ne, magani ba ya kai wa cikinsu. In daga gidan da kaji suka mutu ya fito, a cinna masa ashana. 

Aikin gida

An ba ka bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kana son haɗi na kashi 0.5. Gwangwani nawa na ruwa za ka zuba wa gwangwani ɗaya na bilic? Sannan duk mai kaji a gida ya yi gwajin farin ƙyalle yau da dare. Ku zo mini da ƙyallen ranar Litinin, a ƙulle cikin leda.