Yadda Ake Gwada Injin Bincike da Tambayoyin Bodinga da Shagari

Rubuta "Shagari" a Google ka ga abin da zai fito: Alhaji Shehu Shagari ne, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, shafi bayan shafi. Mai neman labarin madatsar ruwan garin Shagari ko na ƙaramar hukumarsa sai ya sha tono. Malamin makaranta ko ma'aikacin laburare da ke son sanin wane inji ko wane kundin kwamfuta zai dogara da shi, ga yadda zai auna su.

Fara da tattara tambayoyi, kuma kada ka ƙago su da kanka, don za ka sauƙaƙa wa injin ba tare da ka sani ba. Karɓo su daga bakin ɗalibai da malaman gona da masu nazarin tarihi, kamar ashirin zuwa talatin. Yaushe Shehu Usmanu ya bar Sifawa ya koma Sakkwato? Me Malam Abdullahi Fodiyo ya rubuta lokacin da yake zaune a Bodinga? Wace rana kasuwar garin ke ci?

Daga nan sai aiki mai cin rai. Kafin ka taɓa injin, ka san amsar. Ga kowace tambaya, rubuta takardun da ka tabbata suna nan kuma suna amsa ta. Idan ta tarihi ce, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk suna Sakkwato, ba nisa. Sa masana biyu su yi hukunci kan takardun, kowa shi kaɗai. Inda suka saɓa, a zauna a daidaita. Wannan dabara ta daɗe: Cyril Cleverdon ya kafa ta a Kiranfil ta Ingila a shekarun 1960, da takardun kimiyyar jiragen sama, kuma a kanta aka gina gwaje-gwajen auna injinan bincike na TREC da aka fara a Amurka a 1992.

Yanzu shigar da tambayar, ka duba sakamako goma na farko kawai, tunda da wuya mai ƙaramar waya da datar kwana ɗaya ya wuce nan. Lissafi biyu za ka yi, irin na mai sheƙar gero: nawa ne ƙaiƙayi a cikin abin da ya rage a ƙwarya, nawa ne kuma tsabar da iska ta tafi da ita? A ce cikin goman, huɗu ne suka amsa tambayar Sifawa. Tsabtar sakamakon kashi 40 cikin 100 ke nan. Idan kuwa jerinka na da takardu takwas, huɗu kaɗai suka fito, injin ya kawo rabi. Kada ka amince da ɗaya ba tare da ɗayan ba. Injin da ya juye maka duk abin da ke rumbunsa ya kawo komai, ya kuma bar ka da aikin tsinta.

Lura da matsayi ma. Amsar tambayar Sifawa, wato 1815, a layin farko ta fi ta layi na tara daraja.

A ganina, gwajin da ya fi tona asirin inji a wajenmu shi ne na rubutun suna. Maimaita tambaya ɗaya da Ɗanfodiyo, da Danfodio, da Dan Fodio, da Ibn Fodiyo. Sannan Sakkwato da Sokoto. Sau ɗaya da ɗ da ƙ masu lanƙwasa, sau ɗaya ba su. Idan sakamakon ya canza sosai, rubuta hakan. Rubuce-rubucen ajami kuwa, muddin hotonsu kawai aka ɗauka, sai ta sunan da mai kundi ya sa musu za a same su, don haka a nan mai kundin kake aunawa.

A ƙarshe fitar da matsakaicin maki na duk tambayoyin, ka yi wa inji na biyu irin wannan gwaji da tambayoyin nan dai, a rana ɗaya, a waya ɗaya. Sa kwanan wata a takardar, ka ajiye tambayoyin, ka sake gwadawa bayan wata shida, don injinan intanet suna sauya jerinsu ba sanarwa.