Yadda Ma'aikacin Ƙaramin Asibiti Zai Shiga Harkar Binciken Lafiya a Jega, Aliero da Maiyama

Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a faɗin Najeriya a 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, kuma babu jihar da ta kai haka. Wannan na cikin abin da ya sa Kebbi da Bayelsa suka zama jihohin farko da aka soma allurar rigakafin cutar, wato R21, a Disamban 2024. Bincike ne ya kawo wannan allura ɗakin rigakafi. Amma wanda yake ganin yaran nan kullum, ma'aikacin lafiya a Kimba ko Sabiyal ko Andarai, da wuya a ji sunansa cikin masu bincike. Galibi iyakarsa a miƙo masa fom ya cike.

Haɗakar bincike ta ƙananan asibitoci abu ne mai sauƙin fahimta: asibitoci da dama su amince da tambaya ɗaya, kowa ya tattara amsarta ta hanya iri ɗaya, a haɗa sakamakon. Likitocin unguwa a Ingila suna aika rahoton mako-mako na cututtukan da suka gani tun 1967, kuma a Afirka akwai haɗakar PrimaFamed ta sassan koyar da likitancin iyali. Ga yadda ma'aikacinmu zai sa ƙafa a ciki.

Mataki na farko: gyara rajistarka

Kafin ka nemi kowa, buɗe rajistar marasa lafiya ta wata uku da suka wuce, ka dube ta kamar baƙo. A gurbin shekaru, sau nawa aka rubuta "yaro" ko "babba" kawai? A gurbin adireshi, "Jega" aka sa ko sunan unguwa da ƙauye? Wanda aka rubuta wa maganin maleriya, akwai sakamakon gwajin jini na RDT a gefen sunansa, ko gurbin fayau yake? Sai ka ƙirga abin da ke rajista ka gwada da takardar taƙaitawar wata da aka kai wa jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma don shigarwa a manhajar DHIS2. In lambobin biyu sun sha bamban, aikinka na farko ke nan.

Duk mai binciken da ya san aikinsa, rajista zai fara nema ya gani. Asibitin da ke rubuta watannin jariri daidai, yana kuma sa ranar da ciwo ya fara, ya riga ya yi rabin tafiya. Wannan gyara ba ya cin ko sisi.

Na biyu: fito da tambaya ɗaya daga abin da ke damunka

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko babban batu kamar "matsalar mutuwar mata masu juna biyu a Kebbi". Wannan ya fi ƙarfin asibiti ɗaya. Tambaya mai kyau ita ce wadda za ka iya amsawa da ƙirge. Allurar R21 ana yin ta a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan ta huɗu a wata na 15: cikin yaran da suka karɓi ta farko a wurinka, nawa suka dawo ta uku, nawa suka kai ta huɗu, kuma daga waɗanne ƙauyuka waɗanda suka ɓace suke? A Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori, ana iya tambayar mutum nawa masu karaya ke biyowa ta asibiti, kafin ɗori ko bayansa, da wane irin ciwo suke zuwa. Sanƙarau ya shiga Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025, har gwamnatin jiha ta sanar da rasuwar mutum 26 a watan Maris. Kwana nawa mara lafiya ke yi a gida daga fara ciwon kai da sanƙarewar wuya zuwa isowarsa asibiti? Amsar wannan kaɗai za ta iya sauya yadda ake wayar da kai kafin zafin bazara mai zuwa.

Rubuta tambayarka a shafi ɗaya: me kake son sani, a wurin wa, daga yaushe zuwa yaushe, da abin da zai canza in an samu amsa.

Na uku: samu shedar horo kan ɗa'ar bincike

Shafukan TRREE da The Global Health Network suna ba da darussa kyauta ta intanet, da takardar sheda a ƙarshe. Da wayar hannu ake yi. Ka koyi amfani da manhajar KoboCollect ko ODK ma, tunda yawancin masu bincike yanzu a waya suke cike tambayoyinsu.

Na huɗu: ƙwanƙwasa ƙofofin da ke kusa

Fara da gida. Sanar da shugaban asibitinku da daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, don aikin da aka yi a ɓoye wa na gaba ba ya nisa. Daga nan sai jami'in sa ido kan cututtuka, wanda kowa ke kira DSNO. Shi ne igiyar da ta haɗa asibitinku da ma'aikatar lafiya a Birnin Kebbi da hukumar NCDC, kuma shi zai fara jin labarin horon binciken cututtuka a fili da ƙungiyar AFENET ke tallafa wa, wanda aka soma a Najeriya a 2008, yana kuma da gajeren zango na ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Yankin nan ya yi sa'ar makarantu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya a Jega, inda ɗalibai ke rubuta kundin kammalawa duk shekara, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, mai malaman nazarin ƙwayoyin cuta da na lissafi. Gaba kaɗan akwai asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi, da sashen lafiyar al'umma na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Malaman jami'a ba sa samun ƙarin girma sai da wallafa bincike, kuma abin da suka fi rasawa shi ne amintaccen mutum a ƙauye. Kai kuma kana buƙatar wanda ya iya tsara aiki da lissafin sakamako. Ka je da shafinka a hannu. "Ranka ya daɗe, ga abin da nake gani a asibitinmu, ina neman wanda zai duba min" ta fi buɗe ƙofa a kan "ko akwai wani aiki da za a sa ni?"

In ƙungiyoyi kamar Malaria Consortium sun shigo aikin rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina, ka nemi a sa ka cikin masu bin diddigi bayan rabo.

Na biyar: nemo abokan tafiya

Asibiti uku sun isa farawa, ɗaya a Jega, ɗaya a Aliero, ɗaya a Maiyama. Ku yi fom ɗaya, ku amince da ma'anar kowace kalma a cikinsa, ku riƙa haɗuwa ranar kai rahoton wata. A sa ungozoma a ciki tun farko; akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da likita ne.

Na shida: izini, sannan yarda

A nan ba a gaggawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, inda aka sa yara 200 cikin aikin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Shari'a ta yi ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75, kuma tabon abin ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Mutanenmu ba su manta ba. Tun 2007 Najeriya na da kundin ɗa'ar binciken lafiya na kwamitin ƙasa, NHREC, kuma ma'aikatar lafiya ta Kebbi na da nata kwamitin. Ko tsohuwar rajista za ka ƙirga da niyyar wallafawa, nemi takardarsu tukuna. Wanda ya zo maka da bincike daga waje, ka ce ya nuna tasa, da lamba da kwanan wata. In babu, ka ba shi haƙuri.

Bayan takarda sai gaisuwar hakimi da mai gari da liman da kwamitin ci gaban mazaɓa. Amma yardarsu ba ta ɗauke yardar mutum shi kansa. A karanta wa mace bayanin da Hausa, ko Fillanci ko Zabarmanci in shi ta fi ji, a gaban sheda. A sanar da maigida yadda al'ada ta tanada, sannan a tambaye ta ita kanta. A gaya mata ƙarara cewa in ta ƙi, za a duba ɗanta kamar kullum. Sai ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Sunan mara lafiya ba ya fita daga asibiti, lamba ake ba shi, kuma hoton rajista ba abin turawa a WhatsApp ba ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan mai yin haka.

Na bakwai: a yi magana kafin a fara

Kuɗin mota da na kati nawa ne, wa zai biya? Wa zai riƙe layin marasa lafiya yayin da kake cike fom? In ka taimaka wajen tsara tambaya ko rubutu, sunanka zai shiga cikin marubuta? Kunya kan hana ƙaramin ma'aikaci tambayar farfesa waɗannan abubuwa, daga baya kuma a yi ta guna-guni. A rubuta su a takarda. Sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne dawo da sakamako: in an gama, mai binciken ya zo da kansa ya yi bayani da Hausa a gaban ma'aikata da kwamitin mazaɓa, ya bar kofi a asibiti. Mai binciken da ya ƙi wannan sharaɗi, kada ku buɗe masa rajistarku karo na biyu.