DARASIN YAU: TURARE MAI ƘAMSHIN ƊANYEN GANYE DA HODA, WA YA DACE DA SHI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wata baiwar Allah ta turo tambaya. Maigidanta ya kawo mata tsarabar turare, da ta shafa sai ta ji kamar an murza ɗanyen ganye, can anjima ya koma kamar hodar jarirai. Ta ce ba ya tashi kamar humrarta, ko jabu aka sayar masa?

Hajiya, rashin tashi ba ya nuna jabu ne. Wannan jinsi ne na turare mai zaman kansa, haka ake haɗa shi.

*Daga ina ƙamshin yake?*

Na ɗanyen ganyen yawanci daga wani ƙaro ne da Larabawa ke kira ƙinna, Turawa kuma galbanum, ana tatsarsa daga wani tsiro a ƙasar Iran. Na hodar kuma daga saiwar furen susan ne, wadda ake nomawa a Italiya da Maroko. Sai an shanya saiwar ta yi kamar shekara 3 kafin ƙamshinta ya fito, shi ya sa take da tsada. Akan ƙara wardi da yasmin, a ɗaure da saiwar jema, 'yar uwar wadda muke da ita a fadamunmu. Wanda ya fi shahara a wannan jinsi shi ne Chanel No. 19 na Faransa, tun farkon shekarun 1970.

*Wa ya dace da shi?*

Malaman ɗibbu na da, irin su Ibn Sina, sun kasa ƙamshi kamar yadda suka kasa abinci. Almiski da ambar masu zafi ne. Wardi da sandal da kafur masu sanyi ne. Ƙa'idarsu ita ce a magance abu da kishiyarsa. Bisa wannan, ƙamshi mai sanyi a hanci ya fi dacewa da:

1. Mai zafin jiki da saurin fushi, wanda turare mai ƙarfi ke sa wa ciwon kai.
2. Mai natsuwa da kamun kai, wadda ba ta son a ji ƙamshinta kafin a gan ta.
3. Kowa da kowa a lokacin bazara, sa'ad da gumi ke ninka ƙarfin turare.

Mai yawan jin sanyi da kasala kuwa, almiski da turaren wuta sun fi masa, musamman da hunturu. Amma a sani, turare ba ya gyara hali. Mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya zauna, ya yi alwala.

*Ta ɓangaren Shari'a*

Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa turaren mace shi ne wanda ƙamshinsa ke ɓuya. Kin ga ashe maigida bai yi zaɓen banza ba. Duk da haka, adon cikin gida ne. Muslim ya ruwaito hani ga mace ta shafa turare in za ta masallaci, balle kasuwa ko gidan biki. Na fesawa kuma akwai sinadarin alkohol a ciki, malamai sun yi saɓani kan tsarkinsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nemi na mai.

*Hattara*

A fara ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu, a jira kwana 1. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi. Kada a fesa kusa da jariri ko mai asma. A ajiye kwalbar inda rana ba ta duka.

Wallahu a'alam. Allah Ya ƙamsasa gidajenmu da zaman lafiya. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.